Kun Tambaya, Mun Amsa: Yadda ake auna ƙosawar kamfani ko ƙungiya wajen tafiyar da sauyi

Wasiƙun da suka iso mana a watan nan daga Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena kusan duk kuka ɗaya suke yi: an kawo sabon tsari a wurin aiki, an kashe kuɗi, an yi taron ƙaddamarwa, bayan wata uku kowa ya koma gidan jiya. Mun zaɓi biyar, muka miƙa su ga masu amsa tambayoyin wannan fili, waɗanda sana'arsu ita ce gyaran tsarin gudanarwa da lissafi a kamfanoni da ƙungiyoyin gama kai. Mun sakaya sunayen masu tambaya da na wuraren aikinsu.

TAMBAYA, daga wani akanta a Garwa: Assalamu alaikum. Ina riƙe da lissafin wani kamfanin sayar da hatsi da kayan masarufi a sari. Mu 46 ne, muna da sito uku, a Garwa da Gider da Ngong. Cikin shekara biyu mun yi sauyi uku: mun mayar da lissafin sito kan kwamfuta, mun koma biyan albashi ta waya, mun kuma kawo takardar fitar da kaya wadda direba zai sa wa hannu. Na albashi ya zauna, sauran biyun suna ɗingishi. Yanzu Alhaji, mai kamfanin, yana son buɗe reshe a Ngaundere, ya haɗa situnan duka a manhaja ɗaya. Ya tambaye ni ko mun shirya, na rasa abin cewa. Akwai ma'aunin da ake auna wannan da shi?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Alhaji ya yi tambayar da ta dace a lokacin da ya dace. Ma'aunin yana nan, kuma ba sai an ɗauko ƙwararre daga Duwala ko Yawunde za a yi aiki da shi ba.

Asalinsa daga masu rubuta manhajar kwamfuta ne. A 1991 wata cibiya ta Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka ta fitar da tsani mai hawa biyar, domin a bambanta kamfanin da aikinsa ke kyau saboda yana da tsari da wanda ya yi dace ne kawai da gwani ɗaya ko biyu. A 2004 kamfanin Prosci, shi ma na Amurka, ya fitar da irin wannan tsani a kan ɓangaren mutane, wato yadda wurin aiki ke shirya ma'aikatansa su saki tsohuwar hanya su kama sabuwa. A hawa na farko babu wani tsari: a ba da umarni, sai an ga tirjiya a fara lallashi ko barazana. A na biyu ana samun aiki ɗaya ko biyu da suka tafi daidai saboda wani mutum ya tsaya a kai, in ya bar wurin iyawar ta bi shi. A na uku ayyuka da yawa suna bin hanya mai tsari, ko da kowane sashe da irin tasa. A na huɗu an zaɓi hanya guda, an rubuta ta, kowa na bin ta. A na biyar abin ya zama jiki, tun daga mai kamfani har ƙaramin shugaban sashe.

Sanin hawan da kuke kai shi ne aikin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba wa manyan ma'aikata takardar tambayoyi, kowa ya ba kamfani maki. Abin da ke fitowa daga nan ra'ayin manya ne game da kansu. Ka ajiye wannan. Sauye-sauyen nan uku su ne jarrabawarku, kun riga kun zana ta, duba sakamako ne ya rage.

Fara da sito. Ka je Ngong a ranar aiki irin ta kullum, ka gaya wa mai kula da siton tun a bakin ƙofa cewa ba binciken sata ya kawo ka ba, sannan ka roƙe shi ya buɗe maka durowar teburinsa. In tsohon littafin rajista yana ciki, duba kwanan watan da ke shafin ƙarshe. In na jiya ne, to da littafin ake aiki, kwamfuta kuwa daga baya ake cika ta don a faranta wa Garwa rai. Ɗauki rasidi 20 na yini ɗaya ka bi su ɗaya bayan ɗaya: nawa suka shiga kwamfuta a ranar, nawa bayan kwana uku, nawa ba su shiga ba sam. Yawancin manhajojin sito suna ajiye lokacin da aka shigar da kowane layi. In ka ga cinikin mako guda duk ya faɗo a yammacin Asabar cikin awa biyu, ka samu amsarka. Sai ka zaɓi kaya biyar masu saurin fita, shinkafa, sukari, man girki, sabulu da masara, a ƙirga su a gabanka, a kwatanta da abin da ke kan allo.

Duk giɓin da ka gani, tambayi dalili kafin ka ɗora laifi. Sau da yawa amsar mai ma'ana ce. Wuta tana ɗaukewa kuma ba a sayi batirin ajiya ba. Direba yana tsaye da mota cikin zafin Afrilu, shigar da layi goma yana cin minti ashirin. Manhajar kilo take ƙirgawa, alhali kasuwa da buhu da kwano take saye. Alhaji ya bugo waya ya ce a ba wane buhu talatin bashi, kuma manhajar ba ta da wurin rubuta bashin baki. Kowanne daga cikin waɗannan abu ne da ya kamata a hango shi kafin ranar farawa, kuma rashin hango shi shi ne ainihin abin da kake aunawa.

Daga nan sai hira da mutane. A cikin 46, mutum 11 zuwa 15 sun isa, in dai an zaɓo su daga sama har ƙasa: Alhaji da kansa, masu kula da situna ukun, masu karɓar kuɗi biyu, direbobi biyu, shugaban 'yan dako, da mutum biyu da kowa ya san ba su so sauyin ba. Minti 30 ga kowa, shi kaɗai. Wa ya fara gaya maka, kuma kwana nawa kafin a fara? Wane dalili aka ba ka? Wa ya koya maka, a ina, sau nawa? Ranar da abin ya cije, wa ka kira, kuma ya ɗauka? Me ya samu wanda ya ci gaba da tsohuwar hanya?

Abin da ka tara sai ka raba shi gida biyar, kamar yadda ma'aunin Prosci ya yi. Na farko jagoranci, kuma a nan muke so ka fi daɗewa. Alhaji ya taka da ƙafarsa ya je situna ukun ya yi bayani, ko kai ya aika? Da safe in yana son sanin buhunan da suka rage a Gider, rahoton kwamfuta yake nema, ko waya yake bugawa ya ce, "Malam, duba mini littafi"? In waya yake bugawa, to kullum da safe yana koya wa ma'aikatansa cewa littafi ne gaskiya, kuma babu horon da zai goge wannan darasi. Na biyu aiki da tsari: a cikin sauyi ukun, nawa ne aka rubuta musu jerin waɗanda abin zai shafa, da ranakun horo, da kuɗin horon? Kai ne akanta, buɗe littafinka. In ka ga kuɗin kwamfutoci da manhaja amma babu ko sefa ɗaya na koyarwa da zirga-zirgar bibiya, makin ya rubuta kansa. Na uku iyawa, wadda ba a auna ta da takardar shaidar halartar horo. Ka sa mai sito ya yi abu uku a gabanka: karɓar kayan da aka dawo da su, sayarwa bashi, da gyara layin da aka shigar bisa kuskure. Na huɗu daidaitawa: matakan da kuka bi a sauyin albashi, an sake bin su a na takardar direbobi, ko an fara daga tushe kamar ba a taɓa yi ba? Na biyar yaɗuwa: ɗan dako a tsakar sito zai iya faɗin dalilin takardar direba da bakinsa?

Ba kowane gida maki 1 zuwa 5, da sharaɗi guda: duk inda ba ka da shaida, takarda ko abin da ka gani da idonka ko maganar mutum uku da ta zo ɗaya, maki ba ya wuce 2. Kuma kada ka haɗa makin ka raba biyar. Kamfanin da ya ci 4 a iyawa da 1 a jagoranci ba ya tsakiyar tsani, yana ƙasa ne, domin iyawar za ta zube da zarar mai gida ya bugo waya. Aikin duka mako biyu ne, rahoton kuma shafi ɗaya.

Daga abin da ka rubuto, alamu sun nuna kuna hawa na biyu. Albashi ta waya ya zauna ne domin kai ka tsaya a kai, kuma kowa yana son kuɗinsa. Shawararmu ga Alhaji, cikin girmamawa, ita ce kada a haɗa sito huɗu rana ɗaya. A gyara Ngong tukuna har rasidi 20 su shiga 20 a ranarsu na tsawon wata biyu a jere, a rubuta yadda aka yi, sannan a ɗauki wannan takarda a tafi da ita Ngaundere.

TAMBAYA, daga wata ma'ajin ƙungiya a Marwa: Mu mata 62 ne masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mun yi rajista a matsayin ƙungiyar gama kai, muka yanke cewa kuɗin wata, sefa 1,000, za a riƙa turo shi ta waya. Wata shida ke nan, mata 17 kawai ke turowa, sauran a hannu suke kawowa. Na yi bayani har na gaji. Taurin kai ne, ko mu ne ba mu iya ba?

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Mata 45 ba za su haɗu a kan taurin kai ba. Akwai inda abin ya maƙale, kuma ƙarin bayani ba zai kai ku wurin ba in ba a nan matsalar take ba.

Jeff Hiatt, wanda ya kafa Prosci, ya tsara wani ma'auni da ake kira ADKAR. Yana cewa mutum ɗaya yana wuce matakai biyar a jere kafin sauyi ya zauna masa: ya san dalili, ya so, ya san yadda ake yi, ya iya yi da hannunsa, sannan a samu abin da zai riƙe shi kada ya koma. Ana ba kowane mataki maki 1 zuwa 5, kuma matakin farko da ya samu 3 ko ƙasa da haka shi ne shingen. Duk wahalar da aka sha a kan matakan da ke gabansa asara ce har sai an cire shi.

Tunda ba kowa ke karatu ba, ga yadda za ku yi. A zaɓi mata 15 daga cikin masu kawowa a hannu. Kowacce ta shigo ɗaki ita kaɗai, a ba ta ƙwayar gyaɗa biyar, a ajiye kwano a gabanta. A karanta mata tambaya da harshen da take mafarki da shi, Fulatanci ne ko Hausa ko Barbarci, ta zuba gyaɗa gwargwadon yardarta. A ƙirga, a rubuta, a mayar mata da gyaɗar, a wuce tambaya ta gaba. Kada ke ki yi tambayar, domin ke kika kawo tsarin kuma za su ji nauyinki. Dokar OHADA (ƙungiyar ƙasashen Afirka da ke daidaita dokokin kasuwanci) ta ƙungiyoyin gama kai, wadda aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamba 2010 kuma take aiki a Kamaru da Chadi, ta tanadi cewa ƙungiya ta kasance da masu gudanarwa da kuma masu sa ido daban. Wannan aiki na masu sa ido ne.

Ga abubuwan da muke so su saurara. A matakin so, ku tuna cewa kuɗin hannu a gaban jama'a ake ƙirga shi a kan tabarma, kowa ya zama shaida. Kuɗin waya ba wanda ya ga shigarsa. In lambar da ake turawa taki ce ta kanki, wasu ba za su taɓa faɗa miki ba, amma zuciyarsu ba ta kwanta ba. Akwai kuma kuɗin turawa: ban da abin da kamfanin waya ke cira, a Janairun 2022 an sa harajin kashi 0.2 cikin 100 a kan turawa da cirewa a Kamaru. Kun yanke wa zai ɗauki wannan, mamba ko ƙungiya? A matakin iyawa, wayar ta wace ce? In ta maigida ce ko ta ɗanta, sai ya dawo gida, kuma sunan da zai fito a saƙo ba nata ba ne, ta yadda gobe za a iya cewa ba ta biya ba. Saƙon tabbaci kuma da Faransanci yake zuwa. A mataki na ƙarshe, Hajiya, ke ce: muddin kina miƙa hannu kina karɓa, hanya biyu a buɗe suke, kuma mutum tsohuwar zai bi.

In shingen yarda ce, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, a riƙa karanta sunayen waɗanda suka biya da jimillar kuɗin a kowane taro, ɗaya daga cikin masu sa ido ta riƙe wayar ta nuna allon. In na iyawa ne, a ware rabin awa a farkon taro, kowacce ta tura kuɗinta a nan take kusa da wadda ta iya, wata uku a jere. In kuma ya bayyana cewa mata 20 ba su da waya tasu, to shawarar ce ke buƙatar gyara. A naɗa mace ɗaya a kowace unguwa ta tattara ta turo, tare da rubuta sunaye.

TAMBAYA, daga wani jami'in ƙungiyar agaji a Njamena: Muna sauya tsarin lissafinmu zuwa sabon da aka wajabta wa ƙungiyoyin da ba na neman riba ba. Wani mai ba da shawara ya ce mana kashi 70 cikin 100 na irin wannan sauyi faɗuwa yake yi, kuma muna hawa na ɗaya, amma zai kai mu na biyar cikin shekara guda. Mu sa hannu?

AMSA: Yallaɓai, a dakata da alƙalami. Sauyin kansa dole ne: tsarin lissafin OHADA na ƙungiyoyin da ba na riba ba, SYCEBNL, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024. Amma maganganun nan biyu ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

Kashi 70 ɗin nan an daɗe ana yawo da shi a dakunan horo. A 2011 Mark Hughes na Jami'ar Brighton a Ingila ya bi diddigin wurare biyar da aka buga shi, ya kuma nuna cewa babu ingantaccen bincike a ƙarƙashinsa. Sauye-sauye da yawa suna lalacewa, wannan kowa ya gani. Sai dai wanda ya buɗe ciniki da wannan adadi tsoro yake sayar muku.

Hawa na biyar cikin shekara kuwa ba abu ne mai yiwuwa ba, domin kowane hawa sai an yi sauye-sauye na gaske an ga sakamakonsu kafin a ce an taka shi, kuma ƙungiya irin taku ba ta yin sauyi babba fiye da biyu ko uku a shekara. Ba ma lallai ne ku buƙace shi ba. Ƙungiya mai ma'aikata 30 ko 40 da ta tsaya daram a hawa na uku ta wadatu.

Ku yi masa tambaya huɗu. Da wace shaida ya sa ku a hawa na ɗaya? Mutum nawa ya zanta da su a ofisoshin da ke wajen Njamena, kuma da wane harshe, tunda ba kowane ma'aikacin fili ne ke sakin jiki da Faransanci kamar yadda yake yi da Larabcin Chadi ba? Wa zai riƙe aikin a cikinku bayan tafiyarsa? Zai yarda a ɗaure wani kaso na kuɗinsa da abin da za a iya gani, misali ofisoshi nawa suka rufe lissafin wata a sabon tsari ba tare da taimakonsa ba? In ya amsa huɗun da kyau, ku ɗauke shi, amma a kan aiki ɗaya tukuna.

TAMBAYA, daga wata shugabar ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Kusiri: Mun mayar da katin marasa lafiya kan kwamfuta. Duk wanda na tambaya sai ya ce lafiya lau. Amma ina ganin katunan takarda suna yawo. Yaya zan ji gaskiya?

AMSA: Hajiya, "lafiya lau" gaisuwa ce, ko mai zazzaɓi haka yake amsawa. A wurinmu ƙarami ba ya duban babba ya ce tsarinka bai yi ba, kuma wannan tarbiyya ce, ba munafunci ba. Don haka tambayar ce za a sake wa gini.

Kada mai biyan albashi ya yi ta. A samu wanda ba ya ɗauka ba ya kora, ko daga wani asibitin da kuke mutunci da shi. Kada a tambayi ra'ayi, a tambayi abin da ya faru: "Jiya da dare, mara lafiya na ƙarshe da kika karɓa, a ina kika fara rubuta sunansa?" Wannan tana da amsa guda, kuma ba ta zargin kowa. A kuma ba mutum mafaka ya yi magana da bakin wasu: "Me abokan aikinki suka fi kuka da shi?" Abin da zai faɗa nasa ne, amma ba a tilasta masa ya ce nasa ba ne. A tabbata an zanta da masu aikin dare da na ƙarshen mako, domin galibi da rana ake yin horo, su kuma a lokacin barci suke.

Sai a yi wa shugabannin sassa tambayoyin nan su ma, a ajiye amsoshin gefe da gefe. Tazarar da ke tsakani ita kanta ma'auni ce. In manya sun ba horo maki 4, ƙanana sun ba shi 2, matsalarku biyu: horon bai isa ba, kuma labari ba ya hawa sama. Ta biyun ta fi haɗari a asibiti, domin mara lafiyar da rabin tarihinsa ke takarda rabi ke kwamfuta ana iya ba shi maganin da jikinsa ba ya karɓa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma wanda ya buɗe sai ya ga amfanin buɗewar. Cikin mako biyu ki tara su, ki faɗi abin da aka ji ba tare da suna ba, ki gyara abu ɗaya a gabansu, ko da ƙarin kwamfuta ɗaya ce a ɗakin karɓar marasa lafiya na dare. In aka ji shiru bayan sun yi magana, ko aka gane wanda ya faɗi wani abu aka canza masa fuska, a zagaye na gaba "lafiya lau" za ki sake ji.

TAMBAYA, daga wani sakataren ƙungiyar manoman auduga kusa da Pitowa: Mun gwada auna kanmu, mun ga tsakanin hawa na ɗaya da na biyu muke. Bana muna son sauya yadda ake rubuta bashin taki, da yadda ake zaɓen shugabanni, da yadda ake raba kuɗin auduga. Da wanne za mu fara, kuma yaushe za mu sake aunawa?

AMSA: Malam sakatare, taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Mutanen da sauyi ukun za su faɗa wa su ne dai mutanen, kuma ƙarfin ɗaukarsu yana da iyaka. Ka zana akwati 12 a kan allo, ɗaya ga kowane wata. Ka cike watannin shuka da noma, ka cike na tsinkar auduga da awo, ka sa azumi da sallah biyu, kana tuna cewa kowace shekara suna matsowa da kimanin kwana 11. Akwatunan da suka rage fari su ne kawai lokacin koyar da sabon abu, kuma za ka ga ba su da yawa.

Mu da rubutun bashin taki za mu fara. A yankin da kamfanin auduga na Kamaru, SODECOTON, ke aiki, taki da maganin feshi ta hannun ƙungiya suke zuwa bashi, kuma manoma suna tsaya wa juna, wanda ya kasa biya 'yan rukuninsa ne ke ɗauka. Duk rigimar rabon kuɗi daga nan take tasowa. In rubutun bashi ya gyaru, rabo ya yi sauƙi, zaɓe kuma ya rage zafi. Sai dai a gama shi kafin buhun farko ya sauka, ba a fafe gora ranar tafiya.

Hawa daga inda kuke zuwa na uku ba ya cin kuɗi. A naɗa mutum ɗaya da sunansa wanda sauyin ke wuyansa, kuma shugaban ƙungiya ya faɗi haka da bakinsa a gaban taro, da sanin jauro ko lawan. A cike takarda mai shafi ɗaya kafin a fara: me zai canza, wa zai shafa, me zai rasa, wa zai koya masa, wa zai kira in ya cije. A gwada da rukuni biyu kafin a game kowa. A zauna bayan kwana 30 da bayan kwana 90 a duba lambobi biyu kawai: manoma nawa ke da takardar bashinsu a hannu, kuma nawa daga ciki suka yi daidai da babban littafi. Wannan takarda mai shafi ɗaya ita za ku sake ɗaukowa a sauyi na biyu da na uku, kuna gyara ta.

Aunawa sau ɗaya a shekara ta isa, bayan an biya kuɗin auduga, da tambayoyin bara ba tare da an canza su ba, in ba haka ba ba za ku iya kwatantawa ba. Kuma tun ranar farko ku sa ranar rufe tsohon littafi. A bar shi ya yi tafiya tare da sabon na wata ɗaya, kada ya wuce biyu. Ranar rufewa a kawo shi gaban taro, a karanta bashin kowa a ji ya yi daidai da sabon rubutu, a ja layi a ƙarƙashin shafin ƙarshe, shugaba da mai sa ido su sa hannu, a kulle shi a akwati, mabuɗin kuma ya zauna a hannun wanda ba shi ke rubutu ba.